SUKARNO, MAI ZANEN GINE-GINE DA YA ZAMA SHUGABAN INDONESIYA NA FARKO

A cikin shugabannin da suka ja ragamar ƙasashen Asiya da Afirka zuwa ga mulkin kai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, akasarinsu lauyoyi ne, ko malaman makaranta, ko 'yan jarida, ko kuwa sojoji. Sukarno na ƙasar Indonesiya ya fita daban, domin shi sana'ar da ya koya ita ce ta injiniya da zanen gine-gine. Bai daɗe yana cin abinci da ita ba siyasa ta janye shi, amma kuma sana'ar ba ta rabu da shi ba har ƙarshen mulkinsa. Ita ce ta ba birnin Jakarta kamannin da aka san shi da su, tana kuma cikin abubuwan da suka kai baitulmalin ƙasar ƙasa.

An haife shi a birnin Surabaya, a gabashin tsibirin Jawa, ran 6 ga watan Yuni, 1901. A lokacin nan dubban tsibiran da suka haɗu suka zama Indonesiya suna hannun Turawan Holan ne. Mahaifinsa, Raden Sukemi, malamin makaranta ne, Musulmi, mutumin Jawa. Mahaifiyarsa kuwa, Ida Ayu Nyoman Rai, 'yar tsibirin Bali ce, daga gidan mabiya addinin Hindu. Kusno aka raɗa masa tun farko, amma da iyayensa suka ga yawan rashin lafiyarsa sai suka sāke masa suna, bisa ga al'adar mutanen Jawa. Suna ɗaya rak gare shi, kamar yadda da yawa daga cikin mutanen wannan tsibiri suke.

Cikin 1916 aka kai shi makarantar sakandare ta Turawa a Surabaya, aka kuwa sauke shi a gidan Umar Said Cokroaminoto, shugaban ƙungiyar Sarekat Islam, wadda a zamanin babu ƙungiyar 'yan ƙasa da ta kai ta yawan mabiya. Wannan gida ya fi makarantar tasiri a kansa. Malaman addini, da masu kishin ƙasa, da samarin da daga baya suka zama shugabannin 'yan gurguzu, duk nan suke haɗuwa suna muhawara, yaron yana gefe yana saurare. A nan ya koyi yadda ake riƙe taron jama'a da baki, a nan ne kuma ya ɗauki ra'ayin da bai taɓa saki ba, watau cewa ana iya ɗaure Musulunci da kishin ƙasa da gurguzu da igiya guda.

Cikin 1921 ya shiga babbar makarantar koyon aikin injiniya da ke Bandung, wadda ba ta fi shekara guda da buɗewa ba, kusan dukan ɗalibanta kuwa 'ya'yan Turawa ne. A can ya faɗa hannun wani mashahurin mai zanen gine-gine, Farfesa Wolff Schoemaker, wanda ya ga basirarsa ya ja shi jiki. Ya sami digirinsa na injiniya cikin watan Mayu, 1926, yana cikin 'yan ƙasa na farko da makarantar ta yaye. Da ya so, da ya kama aikin gwamnati da albashi mai tsoka. Sai ya ƙi. Shi da abokin karatunsa Anwari suka buɗe ofishinsu na kansu a Bandung, suna zana wa mutane gidaje, ya kuma taimaki malaminsa wajen sabunta otal ɗin Preanger da ke wannan gari. Ofishin bai kawo wani kuɗin kirki ba, domin hankalin maigidan yana wani wuri. Matarsa Inggit Garnasih, wadda ya aura cikin 1923 kuma ta girme shi da fiye da shekara goma, ita ce ta riƙa sayar da magungunan gargajiya da hoda da taba tana rufa wa gidan asiri.

Ran 4 ga watan Yuli, 1927, shi da waɗansu abokansa suka kafa Jam'iyyar 'Yan Kishin Ƙasar Indonesiya, wadda aka fi sani da PNI. Manufarta ɗaya ce: cikakken 'yanci, ba tare da haɗa kai da gwamnatin mallaka ba. Sukarno ya shiga yawo gari gari, da baƙar hularsa wadda ya mayar alamar ɗan ƙasa, yana magana da harshen da manomi da ɗan dako za su gane. Ya sha ba da labarin wani ƙaramin manomi mai suna Marhaen da ya ce ya gamu da shi a kusa da Bandung, mutumin da yake da gonarsa da fartanyarsa, ba ya yi wa kowa ƙodago, amma duk da haka talauci bai bar shi ba. Sunan wannan manomi ya sa wa aƙidarsa ta siyasa. Nufinsa shi ne, talakan Indonesiya ba irin ma'aikacin masana'antar Turai ba ne, saboda haka maganin ciwonsa ma ba irin na Turai ba ne.

Turawan Holan ba su yi jinkiri ba. Aka kama shi a ƙarshen watan Disamba, 1929, aka gurfanar da shi a kotu a Bandung cikin 1930. Maimakon ya kāre kansa, sai ya mayar da zaman kotun wurin tuhumar mulkin mallaka ɗungurungum, aka kuma buga jawabin nasa ya bazu ko'ina. Aka yanke masa ɗaurin shekara huɗu, aka sake shi a ranar ƙarshe ta 1931. Ya sāke buɗe ofishin zane tare da wani injiniya mai suna Rooseno, ya kuma koma kan dandamali. Cikin 1933 aka sāke kama shi, wannan karon ba a ma wahalar da alƙali ba. Aka kore shi zuwa Ende, wani ɗan garin masunta a tsibirin Flores, cikin 1934.

A Ende ba taro, ba jarida, ba jam'iyya. Ya riƙa rubuta wasannin kwaikwayo yana koya wa mutanen gari, yana kuma musayar wasiƙu da wani malamin Bandung, Ahmad Hassan, a kan al'amuran Musulunci. Da zazzaɓin cizon sauro ya galabaitar da shi, sai aka mayar da shi Bengkulu a tsibirin Sumatra cikin 1938. A can ya shiga ƙungiyar Muhammadiyya, ya koyar a makarantarta, ya kuma koma ga sana'arsa ta asali. Shi ya zana sabon fasalin masallacin Jumma'a na garin, wanda har yanzu ana salla a cikinsa. A can ne kuma ya ga Fatmawati, 'yar shugaban Muhammadiyya na wurin. Inggit, wadda ta bi shi Ende ta bi shi Bengkulu, ta ce ita ba ta zama da kishiya. Ya sake ta, ya auri Fatmawati cikin 1943.

Japanawa sun kori Turawan Holan cikin 1942, suka nemi Sukarno ya yi aiki da su, ya kuwa yarda. Wannan shi ne wurin da masu tarihi suka fi saɓani a kansa. Masu kāre shi sun ce ya yi amfani da rediyon Japanawa ya isar da sunan Indonesiya lungunan da bai taɓa shiga ba, an kuma horar da dubban samari aikin soja, waɗanda su ne suka zama ƙashin bayan rundunar ƙasar. Wannan gaskiya ne. Amma kuma gaskiya ne ya tsaya da bakinsa ya kira talakawa su shiga aikin tilas na Japanawa, aka kwashi dubban ɗaruruwa zuwa gina hanyoyin jirgin ƙasa da filayen jirgin sama, waɗansu har ƙasar Bama, da yawansu kuwa ba su komo ba. Shi kansa daga baya bai musa hannunsa a ciki ba.

Da yaƙi ya zo ƙarshe, sai aka zauna shawarar tushen da za a ɗora sabuwar ƙasa a kai. Waɗansu suna son daular Musulunci, tun da Musulmi ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba. Waɗansu suna tsoron tsibiran gabas, inda Kirista suke da yawa, da kuma Bali ta 'yan Hindu, za su ɓalle. Ran 1 ga watan Yuni, 1945, Sukarno ya kawo shika-shikai biyar da ake kira Pancasila. Yadda aka tsara su daga baya, sun ƙunshi imani da Allah ɗaya, da mutunta ɗan Adam, da haɗin kan ƙasa, da mulki ta hanyar shawara, da adalci a zaman jama'a. Ba kowa ya gamsu ba, amma a kan waɗannan ginshiƙai ƙasar take tsaye har yau, kuma a cikin dukan abin da ya zana babu wanda ya kai su ƙarko.

Japan ta ba da kai ran 15 ga watan Agusta. Samari masu zafin kai suka sace Sukarno da abokin gwagwarmayarsa Muhammad Hatta suka fita da su bayan gari, domin su tilasta musu su yi shelar 'yanci nan take. Ran Jumma'a 17 ga watan Agusta, 1945, cikin watan azumi, Sukarno ya fito ƙofar gidansa a Jakarta, jikinsa da zazzaɓi, ya karanta 'yar gajeriyar shela, aka ɗaga tuta ja da fari wadda Fatmawati ta ɗinka da hannunta. Kashegari aka naɗa shi Shugaban Ƙasa, Hatta kuwa Mataimaki. Turawan Holan suka dawo da bindiga. Aka yi shekara huɗu ana yaƙi ana sulhu, gwamnati ta ƙaura zuwa Yogyakarta, a can ma aka bi ta aka kama Sukarno cikin watan Disamba, 1948. Sai da Majalisar Ɗinkin Duniya da Amurka suka matsa wa Holan, sa'an nan ta miƙa mulki ran 27 ga watan Disamba, 1949.

Ranar da tauraronsa ya fi haske ita ce 18 ga watan Afrilu, 1955, sa'ad da ya buɗe taron ƙasashen Asiya da Afirka a Bandung, garin da ya yi karatu, ya yi sana'a, ya sha ɗauri. Ƙasashe 29 suka halarta. Nehru na Indiya ya zo, da Nasar na Masar, da Chou En-lai na Sin, da Yarima Faisal na Saudiyya. Daga Afirka, ban da Masar, akwai Habasha, da Laberiya, da Libiya, da Sudan, da kuma Gwalkwas, watau Ghana ta yanzu. Waɗannan biyu na ƙarshe ma ba su riga sun sami mulkin kai ba. Ba a taɓa yin irin wannan taro ba wanda babu Bature a kan kujerar shugabanci. Zauren da aka yi shi kuwa a dā kulob ne na Turawan mulki, malaminsa Schoemaker yana cikin waɗanda suka zana shi, Sukarno ne ya sāke masa suna zuwa Gidan 'Yanci. Daga wannan taro ne aka sami ƙungiyar ƙasashen 'yan ba-ruwanmu, wadda aka kafa a Belgrade cikin 1961.

A wannan shekara ta 1955 ya sauke farali. Alhazan da suka taɓa fakewa daga rana a ƙarƙashin itatuwan darbejiya, watau dogon yaro, a filin Arfa, wataƙila ba su san cewa alhazan Indonesiya itatuwan Sukarno suke kiransu ba, domin ana danganta shawarar dasa su, da irin da aka fara dasawa, gare shi.

A gida kuwa al'amura ba su yi daɗi ba. Tsarin mulkin lokacin ya ba Firayim Minista iko ne, Shugaban Ƙasa uba ne kawai, gwamnatoci kuma suna ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Zaɓen 1955 bai ba kowa rinjaye ba. Jam'iyyu huɗu suka raba yawancin ƙuri'u: PNI, da jam'iyyun Musulmi biyu, Masyumi da Nahdatul Ulama, da kuma Jam'iyyar Kwaminis, PKI. Hatta, mutum mai tsantseni da lissafi, wanda shi ne yake taka wa Sukarno birki, ya ajiye aiki a ƙarshen 1956. Cikin watan Nuwamba, 1957, aka jefa wa Shugaban gurneti a wata makaranta a Jakarta, ya tsira, amma yara suka mutu. Cikin 1958 hafsoshin Sumatra da Sulawesi suka yi tawaye, aka kuma harbo jirgin wani Ba'amurke, Allen Pope, yana taimakonsu. Tun daga nan bai ƙara amincewa da Amurka ba.

Ran 5 ga watan Yuli, 1959, ya rushe majalisar tsara tsarin mulki, ya maido da na 1945 wanda ya tattara iko a hannun Shugaba. Ya kira sabon salon dimokuraɗiyya mai jagora. Cikin 1960 ya sallami majalisar dokokin da jama'a suka zaɓa ya naɗa tasa, ya haramta Masyumi, aka rufe jaridu. Sutan Syahrir, Firayim Ministan ƙasar na farko, an tsare shi cikin 1962, bai kuwa sāke samun 'yancinsa ba har ya rasu. Shahararren malamin nan Hamka shi ma an tsare shi cikin 1964, a tsare ɗin ne ya rubuta yawancin tafsirinsa na Alƙur'ani. Cikin 1963 aka naɗa Sukarno Shugaba na har iyakar ransa.

A waɗannan shekaru ne mai zane ya sami abin da kowane mai zane yake mafarki, watau birni guda da baitulmali guda, ba kuma wanda zai ce masa kuɗi ba su isa ba. A ganinsa Jakarta garin 'yan mallaka ne, kuma mutanen da aka yi ƙarnuka ana ce musu ba su iya kome ba, sai sun ga abin da zai sa su ɗaga kai. Ya nemi a ba Indonesiya wasannin ƙasashen Asiya na 1962, ya ci bashi daga Rasha ya gina filin wasa na Senayan wanda a lokacin yake ɗaukar mutum fiye da 100,000, ya kuma nace sai an yi masa rufi mai kewayewa kamar zobe. Aka gina Otal Indonesiya, da manyan tituna, da gadar Semanggi mai hawa da sauka, aka kafa gumakan tagulla a mararrabar hanyoyi. Ba wai umurni kawai yake bayarwa ba. Yakan zauna da masu zane ya duba takardunsu, ya soke, ya gyara, ya zaɓi wuri da kansa. A tsakiyar birni ya fara hasumiyar tunawa da 'yanci cikin 1961, mai tsawon mita 132, da siffar harshen wuta a bisanta wanda aka dalaye da zinariya. Ko gidan da ya yi shelar 'yanci a ƙofarsa bai tsira ba: shi da kansa ya sa aka rushe shi a farkon shekarun 1960 domin a yi sabon gini a filin.

Aikin da ya fi nuna halinsa na kirki shi ne Masallacin Istiƙlal. Cikin 1955 aka yi gasar zane, shi ne shugaban alƙalai, aka kuma ɓoye sunayen masu takara. Da aka buɗe, sai ga shi wanda ya ci Kirista ne, Frederich Silaban, ɗan wani fasto daga Sumatra. Sukarno ya tsaya a kan hukuncin alƙalai. Ya kuma zaɓi filin da tsohuwar ganuwar sojan Holan take, daura da babbar majami'ar Katolika, ko da yake Hatta ya so a kai masallacin wani wuri. Ya aza harsashi ran 24 ga watan Agusta, 1961. Faɗin ƙubbarsa mita 45 ne, domin tunawa da shekarar 'yanci, kuma babu masallacin da ya kai shi girma a kudu maso gabashin Asiya. Har ila yau, tun cikin 1957 ya kafa tubalin sabon gari, Palangka Raya, a tsakiyar dajin Kalimantan, yana tunanin wata rana a mayar da babban birni can. Wannan bai yiwu ba, amma cikin 2022 majalisar ƙasar ta zartar da dokar gina sabon babban birni a gabashin wannan tsibiri.

Sai dai talaka ba ya cin siminti. An ƙwace kamfanonin Holan cikin 1957 da 1958 aka damƙa yawancinsu ga hafsoshin soja waɗanda ba su san kasuwanci ba, gonakin roba da ma'adinai suka lalace. An karɓi yammacin tsibirin Niugini, wanda a dā yake hannun Holan, cikin 1963, wannan kuwa nasara ce, amma a wannan shekara aka buɗe sabuwar rigima da Malesiya, har Indonesiya ta fice daga Majalisar Ɗinkin Duniya cikin Janairu, 1965. Gwamnati ta koma buga takardun kuɗi. Tsadar kaya ta haura kashi 600 cikin ɗari a shekara, bashin waje ya wuce dala miliyan dubu biyu, cikin Disamba, 1965, aka mayar da rufiya dubu ta zama rufiya ɗaya. Ma'aikacin gwamnati albashinsa na wata ba ya kai shi mako biyu, mutane suna layin shinkafa a gindin gine-ginen da ba a gama ba. Shugaban kuwa bai taɓa ɓoye cewa lissafin tattalin arziki yana gundurarsa ba. Abin mamaki ne ga mutumin da aka koya wa auna nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka.

Mulkin nasa a kan ƙafa biyu yake tsaye, soja da Jam'iyyar Kwaminis, waɗanda ba sa ga maciji da juna, shi ne kaɗai a tsakani. Lafiyarsa kuma ta fara taɓarɓarewa da ciwon ƙoda, kowane ɓangare yana tunanin abin da zai faru bayansa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A daren 30 ga watan Satumba, 1965, waɗansu sojoji a ƙarƙashin Laftanar Kanar Untung, na rundunar tsaron fada, suka kashe janar shida suka jefa gawawwakinsu a rijiya. Manjo Janar Suharto ya murƙushe su cikin kwana biyu, ya ɗora laifin a kan PKI. Abin da ya biyo baya yana cikin mafi munin kisan gilla na ƙarni na ashirin: sojoji da ƙungiyoyin farar hula suka hallaka mutum aƙalla rabin miliyan, yawancinsu manoma da malaman makaranta da 'yan ƙodago waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Sukarno ya ƙi haramta PKI, ya yi ta kira a daina zub da jini, amma muryar da ta yi shekara arba'in tana juya jama'a ta daina ci. Cikin Janairu, 1966, ɗalibai suka cika titunan da ya shimfiɗa, suna neman a rushe PKI, a tsarkake majalisar ministoci, a sauko da farashi. Ran 11 ga watan Maris janar uku suka same shi a fadar Bogor, suka fito da takarda mai sa hannunsa wadda ta ba Suharto ikon maido da doka da oda. Asalin wannan takarda ya ɓace, har yanzu ba a gan shi ba. Kashegari Suharto ya haramta PKI. Cikin Maris, 1967, majalisa ta tuɓe Sukarno.

Aka tsare shi a wani gida a Jakarta, ba baƙi, ba jarida, iyalinsa ma sai da izni, magani kuwa ba isasshe ba. Ya rasu a asibitin soja ran 21 ga watan Yuni, 1970, yana da shekara 69. Hamka, wanda gwamnatinsa ta tsare shekara biyu ba tare da shari'a ba, shi aka kira, ya kuwa zo ya yi masa salla. Ya so a binne shi a kusa da Bogor, amma Suharto bai yarda kabarin ya zama kusa da babban birni ba, sai aka kai shi Blitar, a gabashin Jawa, aka sa shi kusa da mahaifiyarsa.

An buɗe hasumiyar 'yanci ga jama'a cikin 1975. Ginin da ya fara cikin 1965 domin taron ƙasashen da yake so su yi gogayya da Majalisar Ɗinkin Duniya, shi aka ƙarasa aka mayar zauren majalisar dokoki. Masallacin Istiƙlal kuwa sai ran 22 ga watan Fabrairu, 1978, aka buɗe shi, shekara goma sha bakwai bayan aza harsashi, Suharto ne kuma ya buɗe. 'Yarsa Megawati, wadda Fatmawati ta haifa masa a Yogyakarta ana tsakiyar yaƙin 'yanci, ta zama Shugabar Indonesiya ta biyar cikin 2001.